Kunnen Kwarin Tegirt

Ruwan da yake kashe mutum a kwarin Tegirt ba a kansa yake sauka ba. Can bisa tsaunin Bagzan yake zuba, inda ba kowa sai baƙaƙen duwatsu da birai, a ƙasa kuwa rana na dukan ƙeya, sama fes. Sai ya tattaru daga kwazazzabai, ya haɗa kai, ya gangaro cikin busasshiyar korama da itatuwa da gawar jakai a bakinsa. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake da mace guda mai kiwo a sama, wajen tafkin dutse, kunnenta a buɗe. In ta ji ruwa sai ta hau wani falalen dutse ta rangaɗa guɗa uku, duk wanda yake cikin korama ya fice. Namiji ba ya guɗa, don haka aikin na mata ne. Shekara arba'in da ɗaya Tekna ce a kansa. Biyun ƙarshe da mataccen kunne ta yi su, kuma ba wanda ta gaya wa.

Doguwa ce, busasshiya, shunin mayafi ya rine mata goshi da wuya. Ko da ƙuruciyarta ba a yi mata waƙa ba, ba ta kuma damu ba. Tana da shekara tara ƙanwar uwarta ta soma kai ta sama da awaki, ta kwantar da ita a kan dutse, ta danna mata kai ƙasa, ta ce ta yi shiru. A nan ta koyi cewa ruwa murya uku gare shi. Ta farko kamar mata na daka a wani ƙauye mai nisa. Ta biyu kamar ayarin raƙuma a kan tsakuwa. Ta uku ba ta da amfani, don wanda ya ji ta ya riga ya jiƙe.

Ta auri Ewange, mutumin ayari. Ya tafi Bilma ɗaukar gishiri, ya dawo ya sha shayi, ya wuce kudu neman gero, wata tara ba ya gida. A shekara talatin na aurensu, zaman da suka yi tare bai kai takwas ba, shi ya sa ba su samu sararin yin faɗa ba. Tari ya kashe shi a hanyar Damargu, aka kawo mata takobinsa da butar shayinsa. Cikin 'ya'ya biyar da ta haifa, ɗaya ce ta girma, Asalama.

Asalama ta auri Gumur, mai lambu, mutum mara magana. Ya kafa zama kusa da uwar matarsa kamar yadda ake yi, daga ranar kuma kunya ta shiga tsakaninsa da Tekna. Ba ta kiran sunansa, ba ya ci ko sha a inda za ta gani, ba sa haɗa ido. In suka yi kiciɓis a hanya sai ya ja amawalin rawaninsa har gindin ido, ya ratse cikin ƙaya. An taɓa ganinsa tsaye a bayan jakinsa tun hantsi har ta gama shayar da awaki.

Shekara shida da auren Asalama ta rasu wajen haihuwa, da ita da ɗan. Bisa al'ada sai Gumur ya naɗe shimfiɗarsa ya koma wajen dangin uwarsa. Bai koma ba. Ya ci gaba da ban ruwa ga dabinai da rumman ɗin da ta dasa, ba wanda ya tambaye shi dalili. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse a gindin magarya, tsakanin lambunsa da bukkar Tekna. Da safe yakan ajiye albasa ko tumatir ko alkama a ƙoƙo. In ta sauko da awaki ta ɗauka, ta ajiye cuku. Shekara ashirin ke nan dutsen bai kwana da yunwa ba.

In magana ta zama dole, akwai Tellit, matar maƙeri. Maƙera ba ruwansu da kunyar kowa, su ake aika da abin da baki ya ƙi faɗa. Tellit ta girma tare da Tekna, kuma tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da sun zagi juna ba.

Kunnen a hankali ya tafi. Kukan tsuntsaye ne ya soma ɓacewa, sai na 'yan awaki, daga baya duniya ta koma kamar an tusa kanta cikin salka. Da mata ba ta sha wahala ba, leɓɓansu take kallo ta gane. Maza kuwa bakinsu a rufe yake, saboda haka ta daina jin maza gaba ɗaya, ta duba ta ga ba ta yi asarar komai ba. Ta san abin da zai biyo baya in ta faɗa. Za a sauko da ita a zaunar a inuwar tabarma tana tsince tsakuwa daga alkama, jikokin mutane na ihu a kunnenta. Kuma ba wata mace da ta koyi sauraro, 'yan matan duk hankalinsu na Agadas. Sai ta yi shiru. Damina biyu Allah ya rufa mata asiri, ruwan bai yi ƙarfi ba, wanda ya zo kuma ta ga hadarinsa tun daga nesa.

Rashin ruwan nan ne ya jawo abin. Rijiyar lambun Gumur ta ja baya har guga na dawowa da laka. Ganyen rumman ya soma zuba. Sai ya ɗauki fartanya da kwando ya shiga tsakiyar korama, inda ruwa yake kusa a ƙarƙashin yashi, ya soma haƙa rami. A tsakiyar damina.

Tellit ce ta kawo labarin, ta hau har rabin dutse tana haki. Ta zauna a gaban Tekna ta ce surukinta ya haukace, masu lambu sun yi masa magana ya ce shi ba ya tsoro muddin tsohuwa tana sama.

"Je ki ce masa ya fita daga koramar nan," in ji Tekna.

"Don me? Ko kunnen ne ya yi tsatsa, 'yar dutse? Kawo shi maƙera a wasa miki."

"Kunnena ya fi bakinki lafiya, uwar gawayi."

"To me ya rage? Ke ki ji, shi ya gudu. Ba haka aka saba ba?"

Tekna ta dubi bakin nan da haƙoransa huɗu. Abin da ya shiga cikinsa da safe, kafin azahar ya zaga kwarin. Ta ce kawai ita dai ta faɗa. Tellit ta kai saƙon a matsayin mitar tsofaffi, ta dawo da amsa cewa ya gode, Allah ya ƙara girma. Washegari aka ajiye dabino a kan dutsen magarya.

Ta gwada wata hanyar. Kwana uku ta hana cuku, ko zai gane ranta a ɓace yake. A rana ta huɗu ta tarar da damin ganyen wake a kan dutsen. Ya ɗauka awakin ne suka ƙafe.

Ranar da abin ya faru ta hau tun da sassafe. Tafkin yana cikin wani tsagin dutse, bango ta nan bango ta can, ruwansa kore mai duhu, bai taɓa ƙafewa ba ko a shekarun da raƙuma suka mutu a tsaye. Akwai ƙananan kifaye a ciki da ba wanda ya san ta inda suka zo. An ce na mutanen ɓoye ne, don haka ta yi musu sallama kamar kullum, ta cire takalmi, ta zura ƙafa. Sanyin ya hau mata har gwiwa. Hasken rana ya faɗo a kan ruwan ya koma jikin bango yana rawa, kamar ana kaɗa zare. Daga nan ba a ganin kan Bagzan, sai wani siririn sama mai shuɗi kamar bakin mayafi.

Tun da kunnen ya mutu, ba shiru take ji ba. Tsofaffin sautuka ne suka dawo suka tare a ciki. Wani lokaci ta ji gurnanin raƙuman Ewange suna durƙusawa a bakin bukka, har da ƙarar butar shayi a jikin sirdi. Wani lokaci ta ji ƙanwar uwarta tana tari a bayan dutse. Sau da yawa kuma Asalama ce take daka, da irin dakanta na rashin haƙuri, bugu biyu da sauri sannan ɗaya a hankali. Tekna ba ta kore su. Takan zauna ta bar su su zo su wuce, tana kallon kifaye suna shinshinar yatsunta. Takan yi tunanin ruwan nan ma haka yake, wanda ya wanke Asalama ranar haihuwarta da wanda ya wanke ta ranar mutuwarta duk yana nan ƙarƙashin yashi, yana tafiya a hankali zuwa inda ba wanda ya taɓa binsa.

Wajen azahar ta ji daka. Ta ce a ranta, yau yarinyar nan da wuri ta soma. Ta lumshe ido tana ƙirga bugun, tana jiran biyu da sauri ɗaya a hankali. Bai zo haka ba. Wannan dakan ba ya hutawa, kuma ba a kunne take jinsa ba, a cinya take jinsa, inda ta zauna a kan dutse.

Ta buɗe ido. Ba akuya ko ɗaya a bakin ruwa. Duk sun haye can saman bango, sun jeru, kawunansu sun fuskanci waje guda. Fuskar tafkin tana karkarwa alhali ba iska. Sannan iskar ta zo, mai sanyi, ta taɓa mata ƙeya, ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Murya ta farko ta riga ta wuce ta tana zaton dakan Asalama ne. Wannan ta biyu ce.

Ta hau falalen dutsen da hannu da gwiwa, ta miƙe, ta kama haɓa, ta saki guɗa. Ba ta ji ta ba, sai dai zafinta a maƙogwaro. Ta sake, ta kuma sakewa. Can ƙasa, mutane ƙanana kamar tururuwa suka soma fita daga farin yashin korama, wani na jan jaki, wata na gudu da tulu. Ta nemi ramin Gumur da ido. Ga tulin yashi, ga jakinsa ɗaure a gindin goriba a kan gaɓa, ga wani abu shuɗi rataye a kan ƙaya. Ba wanda ya fito. Ramin ya yi zurfi, guɗa ta bi ta samansa ta wuce.

Korama sai ta zaga bayan tsauni kafin ta iso lambuna. Hanyar awaki kuwa kai tsaye take sauka. Tekna ta bi ta, da shekarunta saba'in, rabi da ƙafa rabi da mazaunai. Takalmanta suna can bakin tafki. Ba ta tuna da su ba sai da ta taka yashi mai zafi.

Ta isa bakin ramin ta leƙa. Zurfinsa ya kai tsayin mutum uku, an jingina kututturen dabino mai sara-sara a matsayin tsani. A ƙasa ga wani mutum durƙushe yana kwasar jiƙaƙƙen yashi da hannu, kansa a buɗe. Sanƙo gare shi. Ya ɗago. Farin gemu, faffaɗan baki, haƙori ɗaya ya fita a gefe. Shekara ashirin da shida, yau ta ga fuskarsa. Abin da ya zo mata shi ne, ashe wannan Asalama take kallo.

Shi kuwa da ya ga wadda take tsaye a kansa, sai ya saki kwando, ya rufe baki da hannu biyu, ya juya ya fuskanci bangon rami ya tsuguna.

Ta bubbuga kututturen. Bai juyo ba. Ta ɗaga kai wajen jakin da ke kan gaɓa ta ce da ƙarfi, "Kai jaki, gaya wa mai kai ruwa na tafe." Ta ga kafaɗun Gumur sun motsa, alamar yana magana da bango. Me yake cewa, oho. Daga baya Tellit, da ta ji daga bakinsa, ta ce cewa ya yi ya ji, zai fito in ta matsa. Tekna ba ta ji ba, kuma ba ta ga alamar zai tashi ba. Hawa tsani sai da hannu biyu, nasa duka suna kan baki.

Ta fizgo rawanin daga kan ƙaya, ya yage, ta jefa masa. Ya cafe. Sai ya soma naɗawa. A tsanake, yadda ake yi, zagaye bayan zagaye, kamu goma na turkuɗi. Yashin da take tsaye a kai yana rawa, ƙananan tsakuwa na gangarawa cikin ramin da kansu.

"Gumur," in ji ta.

Hannunsa ya tsaya.

"Gumur, fito don ubanka. Na ga bakin. Baki ne irin na kowa, har ma bai kai na wasu ba. Fito."

Ya fito da rabin rawani a ka, rabi a haƙora. Ya dubi sama da korama sau ɗaya, ya damƙi wuyan hannunta, abin da bai taɓa mafarkin yi ba, ya ja ta. Ba gudu ta yi ba, jan ta aka yi kamar buhu. Suna kama saiwar goriba ruwan ya ɓullo daga kwanar tsauni.

Ita a wajenta ba shi da ƙara ko kaɗan. Wani jan bango ne ya taho, tsayin ƙirjin raƙumi, da kumfa da rassa a gabansa, yana tafe kamar mai neman wani gida. Ya isa ramin ya haɗiye shi bai ko tsaya ba. Kwando ya yi juyi biyu ya tafi. Wata itaciyar aduwa ta wuce a tsaye, da ganyenta da komai, kamar za ta biki. Tekna ta zauna tana kallo. Shekara arba'in da ɗaya tana shelar ruwan nan daga sama, ba ta taɓa ganinsa kusa haka ba. Ta ga ashe kyakkyawa ne.

Suka zauna a kan gaɓa, ya ba ta baya, ta ba shi gefe. Ya gama naɗa rawaninsa. Ƙafafunta na jini, ta yayyafa musu ƙasa. Da numfashinta ya dawo sai ta dubi jakin.

"Kai jaki, kunnena ya mutu. Shekara biyu ke nan. Yau ma dutse ne ya gaya mini, kuma a makare. In mai kai ya sake shiga rami da sunan tsohuwa na sama, shi ya sani."

Ta ga bayansa ya motsa. Ya yi magana, ya jira, ya sake yi. Ta ce wa jakin ai ta faɗa, ba ta ji, in ba ta ga leɓe ba ba ta san me ake cewa ba.

Sannan ya tashi, ya zagayo gabanta, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Ya sa yatsa biyu ya sauke amawalin zuwa haɓa.

"Inna, nawa kunnen yana ji," in ji leɓɓan. "Sai dai ban san abin da ake saurara ba. Kuma ba ni da guɗa."

Ya mayar da amawalin, ya kwance jakinsa, ya tafi duba lambu.

Kafin la'asar duk kwarin ya san Tekna ta zagi uban surukinta, don Tellit na kan gaɓar tsallake tana kallo. Da ruwa ya janye ta ƙetaro musamman, zani a cinya, ta ce shekara ashirin da shida ana tara magana, da aka buɗe baki sai ashar. Ta tambaya ko gaskiya ne sanƙo gare shi. Tekna ta ce ta je ta tambayi jaki. Maganar kunnen ma ta fita, kamar yadda ta zata. Dattawa suka zauna a kai, suka sha shayi zagaye uku, suka tashi ba su yanke komai ba, don ba wata mai muryar da za ta kai ƙasa daga falalen dutsen.

Ruwan ya cika rijiyoyi, rumman ya sake ganye, ba a ƙara bukatar rami ba. Kwana tara bayan haka gajimare ya sake zama a kan Bagzan. Tekna na isa tafki ta tarar da takalmanta an jera su a kan dutse, ga Gumur can nesa, iyakar jifa, zaune ya ba ta baya, sandarsa a gefe. Ba ta dube shi ba. Ta tara awakinta ta soma yi musu bayani da babbar murya, irin ta kurame, cewa ruwa murya uku gare shi, ta farko kamar daka a ƙauye mai nisa, kuma ba a zaune ake jin ta ba, sai an kwanta an manna kunne da dutse. Awakin suka ci gaba da tuƙa. Can nesa mutumin ya kwanta a hankali, ya ɗan ɗage rawani ta gefen kunne.

Ranar ba abin da ya zo. Washegari ma haka. Ta zura ƙafa a ruwa, kifaye suka taru, Asalama ta yi dakanta ta gama, raƙuman Ewange suka durƙusa suka tashi. A rana ta uku, rana na tsaka, tana kallon hasken da ke rawa a bango, sai ta ga inuwar sanda ta miƙe a jikinsa. Ta juya. Gumur na kwance yadda yake, fuskarsa a wancan gefen, ya ɗaga sandar sama. Awaki ko kunne ba su kaɗa ba tukuna, tafkin kuma lumui.

Ta sa takalmanta ɗaya bayan ɗaya, ta hau falalen dutsen ba gaggawa, ta gyara tsayuwa, ta kama haɓa.